Masu Aron Bakin Ɗalibi Su Ci Masa Albasa

Daga watan Agusta zuwa ƙarshen shekara, lokacin da hukumomin ba da tallafin karatu da jami'o'in Turai da Amurka ke karɓar takardun masu neman digiri na biyu da na uku, wata kasuwa takan ci a Kano da Kaduna da Zariya da Abuja, kasuwar da ba ta da rumfa sai lambar waya da zaurukan WhatsApp. Hajar da ake ciniki a cikinta ita ce takardar bayanin kai, wato gajeriyar maƙalar da ake son mai neman gurbi ya rubuta da kansa, ya faɗi abin da ya karanta, da abin da yake son ya ƙaro, da dalilin da zai sa a ɗauke shi a bar wani. Ɗalibi yakan tura kuɗi da taƙaitaccen tarihinsa, bayan kwana biyu a aiko masa da shafi guda na Turanci mai santsi, wanda a cikinsa ya rikiɗe ya zama ɗan ƙauyen da ya yi karatu da aci-balbal, ko da kuwa a tsakiyar birni ya tashi, a gidan da ke da janareto.

Wannan ciniki cuta ne, kuma wanda aka fi cuta a cikinsa shi ne wanda ya biya kuɗin.

Ba a rasa dalilin da ya sa kasuwar ta bunƙasa ba. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin dala ɗaya a kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura naira 1,500. Iyalin da a da za su iya sayar da fili su tura ɗansu Ingila ya yi shekara guda, yanzu fili biyu ma ba zai kai shi ba. Hukumar TETFund, wadda malaman manyan makarantu da yawa suka dogara da ita wajen fita waje ƙaro ilimi, ta dakatar da ɗaukar nauyin karatu a ƙasashen waje daga farkon 2025. Abin da ya rage wa mafi yawan masu buri shi ne cikakken tallafi daga waje, irin su Chevening da Commonwealth na Birtaniya, da Fulbright na Amurka, da DAAD na Jamus, da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai. Dukansu kuwa suna neman rubutu daga hannun mai nema. Shafi ɗaya ya zama mabuɗin abin da albashin shekaru ba zai saya ba, shi ya sa tsoron kuskure ke tura matasa hannun dillalai.

Abin da mai tantancewa yake nema

Kafin a yanke hukunci kan dillalan, ya kamata a fahimci aikin da takardar take yi. Sakamakon jarrabawa yana nuna makin da mutum ya ci, wasiƙun malamai suna nuna yadda wasu ke kallonsa. Takardar bayanin kai ita kaɗai ce wurin da kwamitin tantancewa ke jin yadda mai nema yake tunani. Kowace hukuma tana da tambayarta. Chevening, wanda gwamnatin Birtaniya ta kafa a 1983, yana son amsoshi huɗu: kan jagoranci, kan ƙulla hulɗa da mutane, kan kwas ɗin da aka zaɓa, da kan aikin da za a yi bayan an dawo gida, kuma ba ya sauraron wanda bai tara awa 2,800 na aiki ba. Commonwealth yana son a bayyana yadda karatun zai amfani ci gaban ƙasar mai nema. Fulbright ya raba abin gida biyu, takardar manufar karatu daban, ta tarihin mutum daban. Mai neman digirin digirgir kuwa, malamin da zai duba aikinsa ne zai karanta, kuma abin da ke gabansa shi ne ko wannan mutum ya san tambayar da yake son amsawa, ko ya san abin da magabata suka riga suka rubuta a kanta.

Waɗanda ke wannan karatu suna karanta ɗaruruwan takardu cikin 'yan makonni. Chevening kaɗai yakan samu dubun-dubatar masu nema a kowace shekara, guraben kuwa ba su kai dubu biyu ba a duniya baki ɗaya. Mutumin da ya karanta takarda ɗari uku ya riga ya haddace zubin da dillalai ke amfani da shi, kamar yadda tsohon alƙali yake gane shaidar da aka kitsa tun daga jimlar farko.

Akwai misali sananne. A 2007 hukumar UCAS, mai kula da shiga jami'o'in Birtaniya, ta binciki takardun masu nema kimanin 50,000. A ciki ta tarar da mutum 234 masu son karatun likita waɗanda kowannensu ya ba da labarin yadda ya ƙona kayan barcinsa da sinadarai yana ɗan shekara takwas, wai daga nan sha'awar kimiyya ta kama shi. Labari ɗaya ne da aka ɗora a wani shafin intanet a matsayin samfuri, suka yi ta kwasa. Kowane ɗaya daga cikinsu ya ɗauka ya tsinci dami a kala, bai san cewa mutum ɗari biyu da talatin da uku sun riga sun tsinci wannan damin ba.

Fataucin tausayi

Samfurin da ake sayar wa ɗan Arewa ba na kayan barci ba ne, na talauci ne. Zubinsa sananne ne: ƙauye marar wuta da ruwa, tafiyar mil biyar zuwa makaranta ba takalmi, wata kaka da ta rasu saboda babu asibiti, sa'annan alkawarin dawowa a ceto al'umma. Dillalan sun yi imani cewa Bature ba ya buɗe jakarsa sai ya ji an yi kuka, don haka suke zuba hawaye a sakin layi na farko.

Aibin wannan zubi ya fi ɗaya. Na farko, ga masu nema da yawa ƙarya ce tsagwaronta, kuma suna sa hannu a ƙasan fom cewa duk abin da suka rubuta gaskiya ne. Mutumin da ya fara neman ilimi da shaidar zur ya san abin da ya aikata, ko an kama shi ko ba a kama shi ba. Na biyu, ko ga wanda labarin ya kasance gaskiya a rayuwarsa, wahala ba ta amsa tambayar da aka yi. An tambayi mutum me zai yi da digiri a fannin lafiyar al'umma, ya cinye rabin shafinsa yana bayanin ramukan hanyar garinsu. Sashen da ke da gurbi goma ba ya raba su bisa gwargwadon wanda ya fi shan wuya. Yana neman waɗanda za su iya gama kwas ɗin su yi wani abu da shi. Wahala tana da muhalli a takardar idan ta bayyana wani abu da mai karatu zai yi tambaya a kai. Wanda yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022 ya jinkirta masa kammalawa, jimla ɗaya ta ishe shi ya faɗi haka, ya wuce zuwa abin da ya yi da waɗannan watanni.

Aibi na uku ya shafi jama'a baki ɗaya. Marubucin Kenya Binyavanga Wainaina ya yi wa irin wannan hoto na Afirka ba'a a wata maƙala da mujallar Granta ta buga a 2005, Chimamanda Ngozi Adichie kuma ta yi gargaɗi kan haɗarin labari guda a jawabinta na 2009. Abin takaici shi ne, hoton da waɗannan marubuta suka yaƙa, yau 'ya'yan yankin ne ke biyan kuɗi a zana musu shi. Kowace shekara ɗaruruwan takardu na isa teburin malaman Oxford da Edinburgh da Berlin suna shaida musu, da sa hannun 'yan Arewa, cewa babu komai a Arewa sai yunwa da jahilci da bindiga. Yankin da ya yi ƙarnuka yana rubutu da koyarwa, wanda ke da tarin rubuce-rubucen hannu a Gidan Arewa na Kaduna da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, an mai da shi tabarmar bara.

Kunya da abin da ba kunya ba

Masu kare ɗalibai sukan kawo uzuri mai nauyi. Sukan ce Bahaushe an tarbiyyantar da shi kan cewa yabon kai jahilci ne. Yaron da aka hana shi ɗaga ido gaban manya ba zai iya zama ya rubuta shafi guda yana cewa ni na yi, ni na iya ba. Don haka, in ji su, ba laifi ba ne ya nemi wanda zai faɗa a madadinsa, kamar yadda mai neman aure ke tura wakilai.

Uzurin ya gane ciwon, amma ya kuskure magani. Yabon kai shi ne mutum ya jingina wa kansa siffofi: haziƙi, jajirtacce, mai kishin al'umma. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da takardun saye suka cika da shi, kuma shi ne abin da masu tantancewa suka fi tsana, domin siffa ba ta da shaida. Abin da ake nema shi ne bayanin aiki: ga abin da aka yi, ga inda aka yi shi, ga abin da ya fito. Wannan bai saɓa wa tarbiyyar Bahaushe ba, bai kuma saɓa wa addininsa ba. Annabi Yusuf, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da kansa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi kan taskokin ƙasa, ya ambaci abu biyu da aikin yake bukata, wato iya tsarewa da sani, bai ƙara da komai ba. Malaman tafsiri sun daɗe suna kafa hujja da wannan a kan halaccin mutum ya faɗi abin da ya iya idan bukata ta kama kuma ba a san shi ba.

A tarihin ƙasar Hausa ma akwai abin koyi. A farkon ƙarni na 19 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta ɗan littafinsa Ida'un Nusukh, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu, tun daga mahaifinsa da yayansa Shehu Usmanu har zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru, tare da littattafan da ya ɗauka daga kowannensu. Babu wanda ya taɓa kiran wannan littafi fahariya. Almajirin da ya je gaban sabon malami a zaure, abin da ake fara tambayarsa shi ne wurin wa ya yi karatu, wane littafi ya sauke, a wane babi ya tsaya, domin a san inda za a ɗora masa. Takardar bayanin kai wannan tambayar ce a cikin tufafin Turawa. Wanda ya aiko wani ya amsa masa ita, ranar da aka buɗe littafi za a gane. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

A ƙaddara mutum biyu suna neman gurbi ɗaya a fannin kimiyyar muhalli. Na farko ya rubuta cewa tun yana yaro yake ƙaunar muhalli, kuma burinsa shi ne ya ceto Afirka daga sauyin yanayi. Na biyu ya rubuta cewa a kundin digirinsa na farko ya ɗebo ruwa daga wurare shida a kogin Challawa, ƙasa da inda masana'antun jima ke zubar da dagwalonsu, ya auna sinadarin kuromiyom, ya tarar na'urar sashensu ba ta iya bambance nau'insa mai guba da marar tsananin guba ba, kuma wannan giɓi ne ya sa yake neman kwas ɗin da ke koyar da wannan awo. Na biyun bai yabi kansa da kalma ko ɗaya ba, har ma ya faɗi inda aikinsa ya gaza. Amma mai karatu ya san ya taɓa riƙe kwalbar gwaji, ya san abin da bai sani ba, ya kuma san dalilin zuwansa. Babu dillalin da zai iya rubuta wannan sakin layi, domin dillali bai je Challawa ba.

Irin wannan abu ne ɗan Arewa yake da shi jibge, ake karɓe masa a musanya masa da tatsuniya. Ma'aikaciyar jinyar da ta yi aiki lokacin ɓarkewar mashaƙo a Kano a 2023, injiniyan da ya ga abin da fashewar madatsar Alau ta yi wa Maiduguri a Satumban 2024, malamin gona da ya san yadda ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, kowannensu yana riƙe da sanin da farfesan da zai karanta takardarsa bai da shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi

Akwai wata hujja da ta fi ta kunya ƙarfi, kuma ba daidai ba ne a kauce mata. Masu ita sukan ce wasan tun asali ba na adalci ba ne, don haka babu dalilin da zai sa talaka ya riƙe ƙa'idar da mai kuɗi ba ya riƙewa. Tarihi yana ba su goyon baya. Masanin zamantakewa Jerome Karabel ya nuna a littafinsa na 2005 kan Harvard da Yale da Princeton cewa auna abin da aka kira hali, ta hanyar maƙala da wasiƙun shaida da ganawa, ya samu gindin zama ne a shekarun 1920, lokacin da Yahudawa suka haura kashi 20 cikin ɗari na sababbin ɗaliban Harvard, shugaban jami'ar A. Lawrence Lowell kuma yake neman hanyar rage su ba tare da ya rubuta haka a doka ba. A 2021 wasu masu bincike na Jami'ar Stanford sun nazarci maƙalu 240,000 na masu neman shiga Jami'ar Kalifoniya, suka gano cewa abin da maƙala ta ƙunsa ya fi makin jarrabawar SAT alaƙa da kuɗin shigar gidan da ɗalibi ya fito. Ɗan mai hali yana da malamai da iyaye da ƙwararrun da ke gyara masa kowane waƙafi.

Duk wannan gaskiya ne, kuma dalili ne na a matsa wa jami'o'i su gyara tsarin. Wasu sun fara. A 2014 masu kula da tallafin Rhodes sun wajabta wa masu nema su shaida cewa babu wanda ya gyara musu takardarsu, UCAS kuma ta sauya buɗaɗɗiyar maƙalarta zuwa tambayoyi uku tsararru ga masu shiga daga 2026. Sai dai rashin adalcin tsari bai mai da dillali mai ceto ba. Abin da ɗan mai hali ke samu shi ne mutumin da zai zauna da shi ya yi ta yi masa tambayoyi har ya tono abin da ke cikinsa. Abin da ake sayar wa talaka shi ne tsohon zubi da aka canza wa suna da gari. Ya biya kuɗin da ba shi da su, ya karɓi abin da zai jefa takardarsa cikin tarin masu kama da juna. In kuma ta tsallake, akwai ganawa a gaba: wanda Chevening ya zaɓa zai zauna gaban kwamiti a ofishin jakadancin Birtaniya, a ɗauko jimlolinsa ɗaya bayan ɗaya a ce ya yi ƙarin bayani. Kayan aro ba ya rufe katara.

Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, dillalai da yawa ma ba sa rubutun da kansu; na'ura suke sa wa, su karɓi kuɗin ɗalibi a kan aikin minti biyu. Haɗarin a nan ya ninka. Chevening ya bayyana cewa bai yarda da amsoshin da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta ba. Sa'annan wani bincike na Stanford a 2023 ya nuna cewa manhajojin da ake amfani da su wajen gano rubutun na'ura sun yi kuskuren ɗora wa fiye da rabin maƙalun waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne tambarin na'ura, alhali mutane ne suka rubuta su. Ma'ana, ɗan Najeriya ko ɗan Nijar yana shiga wannan fage da zargi a wuyansa tun bai yi laifi ba. Abin da zai wanke shi shi ne abin da na'ura ba ta sani ba: sunan unguwar da ya yi aiki, adadin mutanen da ya yi wa tambayoyi, kuskuren da ya sa ya sake gwaji. Turancin da ke da ɗan kaushi amma yake ɗauke da waɗannan ya fi amfani a gare shi fiye da mai santsin da babu kowa a cikinsa.

Inda laifin ya faro

Zai zama zalunci a ɗora wa matasa laifin duka. Ɗalibin da ya shekara huɗu ko biyar a jami'a ba tare da wani malami ya taɓa mayar masa da rubutunsa da jan biro a gefe ba, wanda ya ga ana sayar da kundin digiri a shagunan kwamfuta da ke bakin ƙofar makaranta kowa ya kau da kai, an riga an koya masa cewa rubutu kaya ne da ake saye. Jami'o'in da ke alfahari da tsofaffin ɗalibansu idan sun ci tallafin waje, kaɗan ne a cikinsu ke da ko ɗaki guda da ɗalibi zai kai daftarinsa a karanta. Gwamnatocin jihohin da ke kashe maƙudan kuɗi wajen tura ɗaruruwa waje, da sun ware ɗan abu kaɗan sun koya wa dubbai yadda ake neman tallafin da wasu ƙasashe ke bayarwa, da ribar ta fi haka.

Gyaran ba ya bukatar gini ko kwangila. Kowane sashe yana da malaman da suka yi karatu a waje, kowane gari yana da waɗanda suka taɓa cin Chevening ko Commonwealth ko DAAD. Taimakon da ya halatta, wanda kuma yake aiki, shi ne irin wanda malamin zaure yake yi: ya saurara, ya yi tambaya, ya nuna inda magana ba ta da hujja, ya mayar wa ɗalibi da alƙalaminsa. Mai nema kuma ya fara da wuri, wata biyu ko uku kafin a rufe, ya karanta tambayar da aka yi masa da tsarin kwas ɗin da yake so, ya rubuta daftarin farko ko da Hausa ne domin ya ga ko yana da abin faɗa, sa'annan ya bi kowace jimla ya cire duk wadda wani mutum dabam zai iya sa hannu a ƙarƙashinta. Abin da ya saura bayan wannan tankaɗe, komai ƙanƙantarsa, shi ne abin da kwamitin yake jira ya karanta.

Masu wannan kasuwa kuwa, ya kamata a daina kiransu masu ba da shawara. Wanda ya rubuta wa mutum tarihin da bai rayu ba, ya karɓi kuɗinsa, ya tura shi ya sa hannu a kan cewa nasa ne, sunan sana'arsa shirya shaidar zur, kuma malamai da iyaye da limaman da ke yi wa matasa addu'ar samun nasara ya dace su kira ta da wannan suna.